Tambayi Baba Famasis: Saiwar rasan da tarin da ya ƙi tafiya

Yawancin saƙonnin da suka shigo akwatin wannan shafi a 'yan makonnin nan kan saiwa guda suke magana, ko da yake masu tambayar ba su san haka ba. Wani ya ce kustush shami, wata ta kwafo sunan da ke jikin kwalba, elecampane, 'yarmu da ke karatu a Rasha kuma ta ce devyasil. Duk tsiro ɗaya ne. Littattafan ɗibbu na Larabci suna ce masa rasan, da shi zan riƙa kiransa don ya fi sauƙi a baki. Na rage tsawon wasu tambayoyin, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na je sayen kustul hindi wurin mai maganin da na saba, ya ce ya yanke, amma akwai kustush shami, wai duk ɗaya ne, ƙasar da aka noma su ce kawai ta bambanta. Na karɓa, da na zo gida sai na ji ƙamshin ba irin wanda na sani ba ne. Shin shi ne wanda ya zo a hadisi? *Abban Sadik, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Abban Sadik. Hancinka bai yaudare ka ba. Tsirrai biyu ne daban, kuma kama da wane ba ta wane.

Kustul hindi saiwar wani tsiro ce da ke fitowa a tsaunukan Himalaya, musamman wajen Kashmir, masana tsirrai suna rubuta sunansa Saussurea costus. Shi malaman ɗibbu suka fassara da udul hindi na hadisin Ummu Ƙais bint Mihsan da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda aka ce akwai waraka bakwai a cikinsa. Abin da aka ba ka kuwa, in har mai maganin ya faɗi sunan daidai, rasan ne, Inula helenium. Larabawa sun laƙaba masa kustush shami, wasu ma su ce masa cittar Sham, saboda ɗacinsa da ƙamshinsa. Laƙabi ne na masu magani, bai mai da shi na hadisi ba.

Rasan ɗan ƙasashen sanyi ne. Yana fitowa tun daga Sifaniya har yammacin Sin, Turawan da suka yi ƙaura kuma suka kai shi Amurka ya bazu a gefen hanyoyi. In ya sami ƙasa mai laima yakan kamo tsayin mutum ko ya wuce. Ganyensa na ƙasa manya ne, wani ya kai tsawon kamu guda, bayansa da gashi-gashi mai laushi, furensa ruwan ɗorawa. In sanyi ya shigo sai saman ya bushe ƙurmus, saiwar ta kwanta a ƙasa har zafi ya dawo. Ita ake haƙa da kaka, bayan tsiron ya shekara biyu ko uku, a yayyanka a shanya. Danginsa ba baƙi ba ne a wurinmu, domin babban gida ɗaya suka fito da shuwaka da tazargade da latas da babunaj (furen chamomile da ake shayi da shi), har da shi kansa kustul hindin. Ɗacin da kake ji a shuwaka da wanda kake ji a rasan, sinadaran da ke kawo su 'yan uwan juna ne.

Kuma ba saiwar banza ba ce. Diyoskoridis, likitan nan Bagirke da ya rubuta littafin magunguna a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya ce ana kwaɓa ta da zuma a lasa don tari da sarƙewar numfashi da kumburin ciki. Filini, marubucin nan na tsohuwar Rum, ya ba da labarin Julia Augusta, wata ta gidan sarautarsu, da ba ta bari rana ta fito ta faɗi ba ta ci ta ba, don gyaran ciki. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sa rasan cikin littafinsa na ɗibbu Alƙanun, ya yabe shi wajen fitar da kaki in an haɗa da zuma, amma ya ce yana kawo ciwon kai. Ibnul Baiɗar na Andalus ma ya kawo shi. Har cikin ƙarni na 19 ana dafa saiwar da sukari a Ingila ana sayarwa a matsayin alewar tari. Shekara dubu biyu ke nan baki ya zo ɗaya kan abu biyu, ƙirji da ciki.

Dalilin da ya sa ake yawan musanya kustul hindi kuwa na kasuwa ne. An haƙe na daji har ya kusa ƙarewa, shi ya sa tun 1985 aka sa shi a rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke gab da ɓacewa. Sahihinsa ya yi tsada, sai 'yan kasuwa suka koma cike buhu da makamantansa. A Indiya akwai ƙanen rasan, Inula racemosa, da ake yawan sa wa wannan riga. A Sin abin ya fi muni, don saiwoyi uku ne ke da suna kusan iri ɗaya: kustul hindi, rasan, da wata ta dangin Aristolochia mai lalata ƙoda da jawo ciwon daji, wadda daga baya hukumarsu ta cire daga jerin magunguna.

Shawarata, ka daina sayen gari. Sayi saiwar ɗungurungum ka daka da kanka. Ta rasan tana da ƙamshin kafur da ɗan ƙamshin fure a ƙarƙashi, in ka karya ta ka duba da kyau za ka ga ɗige-ɗigen mai masu ƙyalli. In kuma garin ka riga ka saya, ga wata dabara tamu ta masu harhaɗa magani. Dama kaɗan da ruwa a farin faranti, ka ɗiga aidin ɗin nan na wanke ciwo. Rasan da kustul hindi ba su da sitaci, don haka ba za su sauya launi ba. In ka ga ya koma shuɗi mai duhu, to an sirka maka da garin rogo ko fulawa ko wata saiwar daban. Wannan gwaji ba ya rarrabe na Hindu da na Sham, algus kawai yake tonawa.

Tambaya: Baba, maigidana ya kusa wata biyu yana tari. Yana zufa da dare har sai an sauya zanen gado, ya rame, ba ya cin abinci sosai. Ya sha maganin kemis kala-kala. Ƙanensa da ke Ingila ya turo mana bidiyon wata Baturiya tana cewa masana sun gano elecampane na kashe ƙwayar tarin fuka, ya ce zai aiko. Shi maigidan ba ya son zuwa asibiti, wai kada a ce masa wannan ciwon ne mutane su guje shi. Mu jira saƙon? *Maman Ilham, Gusau*

Amsa: 'Yata, kada ku jira. Gobe da safe a kai shi asibitin gwamnati mafi kusa, a ce ana son gwajin kaki. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce duk tarin da ya kai sati biyu a gwada shi, ballantana wata biyu ga zufar dare ga rama. Gwajin da na'urar GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin da ke kula da tarin fuka, maganin ma kyauta ne. In ba ya jin maganarki, ki sa yayansa ko limamin unguwarku ya yi masa magana. Wannan ita ce amsar. Saura bayani ne don ku sami abin gaya wa ƙanen nasa.

Baturiyar ba ƙarya ta shara ba, gaskiya ta ɗauko ta yanke mata ƙafafu. A cikin saiwar rasan akwai mai, kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari, kuma yawancinsa sinadarai biyu ne, alantolactone da isoalantolactone. A 1999 wasu masu bincike a jihar Louisiana ta Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi, inda suka zuba waɗannan sinadarai kan ƙwayar tarin fuka da aka rena a ɗakin gwaje-gwaje. Sun hana ta yaɗuwa, amma sai da ƙarfinsu ya kai maikirogiram 32 a kowace mililita. Rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan da za a ba maigidanki in an tabbatar da ciwon, ba ya buƙatar ko maikirogiram ɗaya kafin ya yi wannan aikin. Haka a 2009 wasu a birnin Cork na ƙasar Ayilan suka gwada ruwan saiwar kan ƙwayoyin cutar staphylococcus, masu kawo maruru da ruɓar ciwo, guda 200 da aka samo daga majinyata, har da masu bijire wa magani, duk ya kashe su. Sakamako ne mai kyau, kuma na ji daɗinsa lokacin da na karanta.

Sai dai duk a faranti aka yi. A faranti sinadarin yana zaune kan ƙwayar cutar kai tsaye, babu abin da ya raba su. A jikin mutum kuwa sai ya bi ta ciki, hanji ya tsotsi abin da zai iya, hanta ta farfasa mafi yawansa, ɗan abin da ya tsira ya watsu cikin jini, sannan ya nemi hanyar shiga huhu inda ƙwayar ta ɓuya cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ramukan da ta haƙa. Kafin mutum ya sha rasan da zai tara wancan ƙarfi a huhunsa, amai da gudawa sun daɗe da kayar da shi. Babu gwaji ko ɗaya a kan mutane da ya nuna rasan ya warkar da tarin fuka.

Tarihi ma ya riga ya yi nasa gwajin. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna ba masu wannan ciwo rasan, yana bayan gidan kowa. Duk da haka, ranar 24 ga Maris 1882 da Robert Koch ya tsaya a Balin ya sanar da gano ƙwayar cutar, lissafin da ya bayar shi ne mutum ɗaya cikin bakwai wannan ciwo ke kashewa. Ba a fara warkar da shi da magani ba sai da streptomycin ya fito a shekarun 1940.

Abin da na fi tsoro ma shi ne rasan ya yi ɗan aikin da ya iya. Kaki ya yi laushi, tarin ya ɗan lafa, kowa ya ce alhamdulillahi an dace, a ƙara wata biyu a gida, ciwon yana cin huhu yana kuma bin iska zuwa ga Ilham da ƙannenta. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma babban abin da ke rura shi shi ne irin wannan zaman jira.

In gwaji ya tabbatar, maganin wata shida ne: wata biyu ana shan haɗin magani huɗu, wata huɗu ana shan biyu. Fitsarinsa zai koma ja-ja, kada ku firgita, rifampicin ne. Bayan 'yan makonni yana sha yadda ya kamata haɗarin ya sa wa wani yana raguwa ƙwarai, wannan ya kamata ya kwantar masa da hankali kan maganar gudun mutane. Ku tafi da yaran a duba su, ƙanana akan ba su maganin kariya. Kuma ko saƙon Ingila ya iso, a ajiye shi. Magungunan nan sun riga sun ɗora wa hanta kaya, ba ta buƙatar ƙari. Allah Ya ba shi lafiya.

Tambaya: Baba ina wuni. Ina karatun injiniya a Kazan. Tun da sanyi ya shigo nake fama da mura da tari mai kaki, kwana biyar yanzu, babu zazzaɓi. Tsohuwar da ke kula da ɗakunan kwananmu ta ba ni wani ɗan kwali daga kantin magani, an rubuta devyasil. Da na bincika sai na ga wai Jamusawa sun ƙi amincewa da shi. Wa zan bi? *Zainab, Rasha*

Amsa: Lafiya lau, Zainab, ya karatu, ya sanyi? Cikin duk masu tambayar wannan wata ke kaɗai ce kika riƙe saiwar nan a inda ta dace, da irin tarin da aka san ta da shi.

Abin da kika gano gaskiya ne ta ɓangarorin biyu. A Rasha rasan magani ne mai rajista, ana sayar da busasshiyar saiwarsa a kwali a kantin magani ba tare da takardar likita ba, don fitar da kaki. A Jamus kuwa akwai kwamitin masana da gwamnati ta kafa a 1978 don tantance magungunan tsirrai, ana ce masa Commission E. Da suka zo kan rasan sai suka ƙi sa masa hannu, bisa hujja biyu: ba a kawo musu shaidar da ta gamsar da su cewa yana aiki ba, ga shi kuma yana jawo borin jiki. Rashawa sun tsaya kan daɗewar da aka yi ana sha, Jamusawa suka ce a kawo sakamakon gwaji, aka duba babu.

Har yau ɗin ma shaidar ba ta taka kara ta karya ba. Akwai wani gwaji da aka yi kan yara a Italiya, aka buga a 2021, na wani ruwan maganin tari da ya haɗa zuma da tsirrai huɗu, rasan na ciki. Yaran da suka sha sun fi saurin samun sauƙi. To amma zuma ita kaɗai an san tana rage tarin yara, don haka ba yadda za a yi a ware a ce ga rabon rasan a wannan nasara.

Yadda ake bayanin aikinsa shi ne, sinadaran nan masu ɗaci suna ɗan tsokanar fatar ciki, jijiyoyi su kai saƙo, hanyoyin numfashi su ƙara zubo ruwa, kakin da ya daskare ya saki. Shi ya sa ya fi dacewa da tari mai nauyi a ƙirji, busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro ba nasa ba ne. Wannan tsokanar ce kuma ke komawa amai da murɗa da gudawa in aka zarce, an ma rubuta cewa mai yawa sosai yana kawo taurin jijiya da mutuwar jiki.

Ni dai a ganina, mace baliga mai lafiya, ba ciki ba goyo, wadda ba ta taɓa yin borin jiki daga babunaj ko makamancinsa ba, in ta sha na kwana biyar ko mako guda ba ta yi ganganci ba. Littattafan masu maganin tsirrai na Ingila suna ba da gram 1.5 zuwa 4 na busasshiyar saiwa, sau uku a rana. Ni na fi son ki tsaya a ƙasa. Cokalin shayi guda yana ɗaukar wajen gram 4, saboda haka rabin cokali ya ishi kofi. Ki tafasa a wuta kaɗan minti goma zuwa sha biyar, ki tace, ki sa zuma don ɗacin ba na wasa ba ne. In takardar cikin kwalin ta faɗi abin da bai kai haka ba, ki bi takardar. Ranar da kika ga zazzaɓi, ko jini a kaki, ko numfashi yana yi miki wuya, ko tarin ya kai sati biyu bai ragu ba, ki ajiye kofin ki tafi asibitin makaranta.

Ƙarin bayani gare ki da duk wanda ake aiko wa daga Turai: in kun ga kalmar tincture a jikin kwalba, to a cikin barasa aka jiƙa saiwar, kuma barasar tana nan ba ta je ko'ina ba. Can ƙasashen ma rasan na cikin kayan haɗin wasu giyoyinsu masu ɗaci, irin su absinthe da vermouth. Busasshiyar saiwa ta raba ki da wannan damuwa.

Da ni ne a Kazan da citta a hannuna, citta da zuma da lemun tsami zan sha. Amma ki yi wa tsohuwar godiya, da abin da ta gada ta taimake ki.

Tambaya: Malam, an ce mini wannan saiwa cike take da insulin na asali, wai mai ciwon suga zai iya barin allura. Shekarata takwas ina allura, na gaji. *Alhaji M., Maraɗi*

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara sauƙi, gajiya da allura ba laifi ba ce. Amma wanda ya gaya maka ya haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa. Abin da ke cikin rasan inulin ne. Wani mai harhaɗa magani a Balin, Valentin Rose, shi ya fara fitar da shi daga wannan saiwa a 1804, fiye da shekara ɗari kafin a gano insulin a Kanada a 1921. Inulin abinci ne da tsiron ke tara wa kansa don lokacin sanyi, a saiwar da aka haƙa da kaka yakan kai kashi 44 cikin ɗari. Cikinmu ba ya narkar da shi, yana wucewa babban hanji inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke cinye shi. Yana taimaka wa bayan gida, in ya yi yawa kuma ya cika mutum da iska. Akwai shi a albasa da tafarnuwa da kake ci kullum. Ba ya yin aikin allurarka ko kaɗan. Kada ka bar ta ko na kwana ɗaya. Ka gaya wa likitanka ka gaji, akwai allurai masu siririn baki da masu daɗewa a jiki da zai iya duba maka.

Tambaya: Baba, na kwaɓa garin saiwar da man kaɗanya ina shafa wa wasu ƙuraje a hannuna. Satin farko lafiya lau. Yanzu wurin ya yi ja, yana ƙaiƙayi, ya fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa har inda ban shafa ba. Wadda ta sayar mini ta ce cutar ce ke fita, in ci gaba. Sannan 'yata mai ciki wata huɗu tana mura, zan iya dafa mata? *Hajiya Binta, Kaduna*

Amsa: Hajiya, ki daina yau ɗin nan, ki wanke wurin da ruwa da sabulu mara ƙamshi. Babu cutar da ke fita, sabuwa ce ke shiga. Wannan magana ta "cutar ce ke fita" ta ɓata fatar mata da yawa a ƙasar nan, kuma kusan kullum daga bakin mai sayarwa take fitowa.

Yadda kika ba da labarin, kamar daga littafi kika karanto. Alantolactone yana manne wa furotin ɗin fata ya sauya masa kama, sai garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo. Kafin ta gama gane shi akan ɗauki mako ɗaya ko biyu, shi ne satin da kika ce lafiya lau. Daga nan duk sanda ya taɓa fata, bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ja da ƙaiƙayi da ƙurajen ruwa. Sanannen abu ne har likitocin fata sun sa shi cikin kayan gwajinsu. Akwai wani haɗin sinadarai uku da suke liƙa wa mutum a baya don gano ko yana da borin wannan dangi na tsirrai: ɗaya alantolactone ne, sauran biyun irin waɗanda ke cikin kustul hindi ne. Tarayyar Turai ma ta haramta sa man rasan da man kustul hindi a turare da kayan shafa saboda wannan dalili.

Ki je a duba hannun, mai yiwuwa a ba ki man shafawa mai kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, a kuma duba ƙurajen farkon da suka sa kika fara. Abin da za ki riƙe shi ne jiki ba ya mantuwa da irin wannan. Daga yanzu ba ke ba rasan, sha ko shafawa, kuma ki yi hattara da kustul hindi da babunaj da tazargade, musamman a fata. In wani abu ya taɓa kumbura miki leɓe ko fuska ko ya toshe miki numfashi, wannan na gaggawa ne, sai asibiti nan take.

'Yarki kuwa, a'a. Diyoskoridis da kansa ya rubuta cewa ruwan saiwar yana saukar da jinin al'ada, kuma har yau a Rasha akwai matan da ke shan ta don wannan. Ba a taɓa tabbatar da amincinta ga mai ciki ko mai shayarwa ba. Ki ba ta ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, ta yi sirace da ruwan zafi zalla, in da zazzaɓi a kai ta awo a gwada maleriya. Ƙananan yara ma ban yarda a ba su ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina kiwon dawakin hawan salla. Na ji an ce Turawa da wannan saiwa suke maganin tarin doki. Zan iya shuka ta a gonata? *Sarkin Barga, Katsina*

Amsa: Tare da naka, Sarkin Barga. Ka ji daidai, amma Turawan da ne. Masu dawakin Ingila sun daɗe suna ba doki mai tari, makiyayansu kuma suna wanke tumaki masu ƙazuwa da ruwanta, har wasu sunayenta na gargajiya a can daga wannan aiki suka samo asali. An kuma yi amfani da ita don tsutsar ciki, ga mutum da dabba. Yanzu likitocin dabbobinsu sun koma ivermectin da makamantansa don tsutsa da ƙazuwa, waɗanda kai ma za ka samu a Katsina.

Batun shuka, ban ba ka shawarar ɓata iri ba. Tsiro ne mai son ƙasa mai laima duk shekara da sanyin da zai kwantar da shi watanni, zafin Afrilu na Katsina ba zai bar shi ya shekara biyun da saiwar ke buƙata ba. Doki mai tari da rani, fara duba harawar da kake ba shi. In tana da ƙura ko ta yi fumfuna, yayyafa mata ruwa kafin ka zuba, ka kuma buɗe bargar iska ta riƙa ratsawa. In akwai majina mai kauri a hanci, ko kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi, ko ya ƙi cin abinci, ware shi daga sauran, ka raba musu wurin shan ruwa, ka kira likitan dabbobi.